Roland Garros: Filin da Ƙasarsa ke Tona Asirin Ƙafa

A yammacin birnin Faris na ƙasar Faransa, daf da babban kurmin shaƙatawa na Bois de Boulogne, akwai wata unguwa mai suna Porte d'Auteuil. Duk wanda ya hau jirgin ƙarƙashin ƙasa mai lamba 10 ya sauka a tashar unguwar a ƙarshen watan Mayu, ba sai ya tambayi hanya ba. Ya bi ayarin masu huluna da laima kawai, za su kai shi ƙofar Roland Garros, inda ake buga ɗaya daga cikin manyan gasannin tanis huɗu na duniya. Sauran ukun ana yin su ne a Ostareliya da Ingila da Amurka. Ta Faris kaɗai ake bugawa a kan jar ƙasa.

Can za mu kai ku wannan makon, ɗalibai. Yawancin 'yan kallo ƙwallo suke bi da ido, kai ya juya dama ya juya hagu har wuya ya ƙage. Mu kuwa ƙafafun 'yan wasa muka sa wa ido, musamman a lokacin da za su yi bugun bayan hannu da hannu biyu. Mun zaɓi wannan fili ne domin ƙasarsa ba ta rufa wa kowa asiri. Duk takun da ɗan wasa ya yi, sawunsa na nan kwance, mai kallo yana iya karantawa kamar rubutu a allo.

Sunan matuƙin jirgin sama

Mutumin da aka sa wa wurin sunansa matuƙin jirgin sama ne. A 1913 Roland Garros ya zama na farko da ya tsallake tekun Bahar Rum a jirgi ba tare da ya sauka ba, daga kudancin Faransa zuwa Tunisiya. Ya mutu a 1918 a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Shekara goma bayan haka, a 1928, aka gina filin. Dalili shi ne wasu Faransawa huɗu, René Lacoste da Henri Cochet da Jean Borotra da Jacques Brugnon, sun je Amurka a 1927 sun ciwo Kofin Davis, ga shi kuma babu wurin da ya isa su kare kofin a gida. Mutum-mutumin kowannensu yana cikin harabar har yanzu.

Da shigarmu muka ci karo da babban fili mai suna Philippe-Chatrier, wanda ke ɗaukar mutum kusan 15,000, kuma tun 2020 yana da rufin da ake ja idan ruwa ya sauko. Na biye da shi, Suzanne-Lenglen, yana ɗaukar kusan 10,000. Na uku, Simonne-Mathieu, an buɗe shi a 2019 a cikin wani lambu. An haƙa ƙasa an nutsar da shi, aka kewaye shi da ɗakunan gilashi da ake renon tsirrai a ciki. Sai kuma ƙananan filaye da ke warwatse tsakanin manyan. A waɗannan ƙananan ne mai kallo ke zama kusa da 'yan wasa har ya ji ƙarar takalmi da hakin numfashi. Tikitinsu kuma ya fi araha. Nan muka yada zango.

Jar ƙasar da hannu ya haɗa

Daga nesa filin yana kama da jar ƙasar marmara. Da muka matsa sai muka ga garin jan bulo ne da aka niƙa ya yi laushi, aka barbaɗa shi sama-sama, kaurinsa bai wuce milimita 2 ba. Ƙarƙashinsa akwai farin dutse da aka farfasa aka daɓe, sai ragowar kwal da aka ƙona, sai tsakuwa, sai manyan duwatsu da ruwa ke tsiyayewa ta cikinsu. Daɓen farin dutsen shi ke riƙe ƙafa, garin bulon shi ke sa ta zame.

Tsakanin zagaye da zagaye na wasa, ma'aikata kan shigo da wata raga mai faɗi su ja ta a ƙasa su shafe duk sawu, wasu su bi fararen layuka da burushi. Ana kuma yayyafa ruwa don kada iska ta kwashe garin. Idan aka yi gardama ko ƙwallo ta fita, alƙalin wasa kan sauko daga doguwar kujerarsa ya je ya duba tabon da ta bari.

Wannan ƙasa tana rage wa ƙwallo gudu, tana kuma sa ta yi tsalle sama. Saboda haka bugu ɗaya ba ya cika kashe wasa. Sai a yi ta kai da kawowa sau goma, sau ashirin, kafin a sami maki ɗaya. Wanda ƙafarsa ba ta da tarbiyya, tun kafin a yi nisa ake gane shi.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka

Bari mu fayyace bugun da muke magana a kai. Ga mai amfani da hannun dama, idan ƙwallo ta zo ta gefen damansa, tafin hannunsa ne ke fuskantar raga yayin da zai doka. Idan ta zo ta hagu, bayan hannunsa ne ke fuskantar raga, shi ya sa ake cewa bugun bayan hannu. Bahago sai ya juya duk bayanin da za mu yi.

A da kusan kowa da hannu ɗaya yake wannan bugu. Wani ɗan Ostareliya, Vivian McGrath, ya yi suna da riƙon hannu biyu tun shekarun 1930, amma ana yi masa kallon mai baƙon salo. Shekarar 1974 ce ta sauya lamarin. A nan Roland Garros, Björn Borg na Suwidin ya ci kofin maza, Chris Evert ta Amurka ta ci na mata, dukkansu da hannu biyu. Sauran manyan kofuna uku na maza a shekarar kuma Jimmy Connors ya kwashe, shi ma da hannu biyu. Evert ta fara riƙon ne tun tana ƙarama, lokacin da ƙarfinta bai kai ta juya raket, wato madokin ƙwallon, da hannu ɗaya ba. Ta ƙare da kofin Faris 7, Borg da 6. Daga 2016 zuwa 2025, duk namijin da ya ɗaga kofin nan mai hannu biyu ne.

Riƙon ba shi da wuya. Hannun dama yana ƙasan mariƙi, na hagu yana samansa, sun haɗu ba rata. Na hagun shi ke yin yawancin aikin turawa, na daman yana saita hanya. Amfaninsa a fili yake: raket ba ya rawa idan ƙwallo mai ƙarfi ta bugo shi, kuma ƙwallon da ta yi tsalle zuwa kafaɗa ba ta gagarar mutum sosai. Rafael Nadal, wanda da hagu yake wasa, ya sha jefa wa Roger Federer irin wannan ƙwallo mai tsalle a gefen da yake bugu da hannu ɗaya. Sau huɗu suka haɗu a wasan ƙarshe a nan, a 2006 da 2007 da 2008 da 2011, Nadal ne ya ci duka.

Sai dai riƙon yana da farashi. Ku gwada da kanku. Ku ɗauki sanda da hannun dama, ku miƙa ta gefen hagu iyakar iyawarku, ku lura da inda bakinta ya kai. Yanzu ku ɗora hannun hagu a kai ku sake miƙawa kamar za ku yi bugu. Za ku ga ta gajarce. Wannan ratar da hannu ya rasa, ƙafa ce za ta biya. Dole mai hannu biyu ya isa kusa da ƙwallo fiye da mai hannu ɗaya, kuma ya isa da wuri.

Abin da muka gani a ƙaramin fili

A mako na biyu na gasar ana buga wasannin matasa 'yan ƙasa da shekara 19, wasunsu tsararrakinku ne. Mun zauna muna kallon wata yarinya tana atisaye da mai horar da ita, yana jefa mata ƙwallo ta hagu ɗaya bayan ɗaya. Tsawon filin mita 23.77 ne, faɗinsa ga wasan mutum ɗaya mita 8.23. A ido ƙarami ne, amma ga wanda zai tsare shi shi kaɗai gona ce.

Abu na farko shi ne tsayuwar jira. Ƙafafunta a buɗe, sun ɗan fi faɗin kafaɗa, gwiwa a lanƙwashe, nauyin jiki a gaban tafin ƙafa, dunduniya kamar ba ta taɓa ƙasa ba. Raket yana gabanta a hannu biyu.

Na biyu, ɗan tsallen shiri. Daidai lokacin da mai horarwar zai doki ƙwallo, sai ta ɗan ɗaga daga ƙasa, tsallen bai fi kaurin littafi ba. Tana dira ta riga ta ga inda ƙwallon ta nufa, cinyoyinta kuma sun ɗame, sai ta cilla. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya tsaya ƙiƙam har ƙwallo ta tsallako raga kafin ya motsa, ya riga ya makara.

Na uku, juyawa. Tun kafin ta fara gudu, kafaɗunta da ƙugunta sun juya hagu tare, har haɓarta ta kusa taɓa kafaɗar dama. Juyawar jikin ce ta kai raket baya, hannu bai yi wani aiki ba tukuna.

Na huɗu, tafiyar kanta. Idan ƙwallon tana nesa, takun farko manya ne, ƙafa tana tsallake ƙafa. Da ta kusato sai takun su koma ƙanana, sauri-sauri, kamar mai taka ƙasa mai zafi da tsakar rana. Waɗannan ƙananan takun su ke gyara nisa tsakaninta da ƙwallo. Idan ta matsa da yawa, gwiwar hannu ta maƙale a ciki. Idan ta yi nisa, sai ta sunkuya tana miƙa, ƙarfin ya zube.

Tsayuwa iri uku

Bayan isowa sai dasa ƙafa, kuma iri uku muka ƙirga.

Ta farko ita ce tsayuwar daidai, wadda ake fara koya wa yara. Ana dasa ƙafar hagu a baya, a ɗora mata nauyi, sannan a taka ƙafar dama gaba wajen raga. Dunduniya ke fara sauka, yatsu su biyo, suna kallon tsakanin raga da layin gefe. Idan aka ja layi daga ƙafar baya zuwa ta gaba, raga zai nuna. Nauyin jiki yana tashi daga baya ya koma gaba, ƙugu ya juya, kafaɗa ta bi, hannu ya zo a ƙarshe. Ana haɗuwa da ƙwallo a ɗan gaban ƙugu, daidai tsayinsa in da hali. Idan ƙwallon ta yi ƙasa, gwiwa ake lanƙwasawa, baya ya zauna a miƙe.

Ta biyu ita ce rufaffiyar tsayuwa. A nan ƙafar dama tana gittawa ta gaban ta hagu zuwa layin gefe, har ɗan wasa ya kusa ba raga baya. Gudu kan tilasta ta. Matsalarta ita ce idan gittawar ta yi yawa, ƙugu yana kullewa. Hannu biyu suna son jiki ya juya, ƙafa ta hana, sai murɗawar ta sauka a gwiwa da ƙasan baya. Ƙwararru suna maganin wannan da sakin ƙafar hagu ta zagayo bayan bugu. Mai koyo da ya mai da wannan tsayuwa ɗabi'arsa yana sayen ciwon baya da kuɗinsa.

Ta uku ita ce buɗaɗɗiyar tsayuwa. Ƙafar hagu tana fita gefe ta ɗauki nauyin duka, ta dama ba ta gitta ba, ƙafafun biyu kusan a jere suke da layin baya. Kafaɗu dai dole su juya. Ana yin ta idan babu lokaci, kamar wajen mayar da bugun farko, wanda a hannun manyan 'yan wasa yakan wuce gudun kilomita 200 a awa. Ribarta ita ce ƙafar da aka yi bugu a kanta ita ce kuma ke tunkuɗa mutum ya koma tsakiya. Novak Djokovic na Sabiya ya shahara da ita. Ya ci kofin nan a 2016 da 2021 da 2023, kuma a wannan fili ya ci zinaren Olamfik a 2024.

Bugu ba ya ƙarewa da tafiyar ƙwallo. Yarinyar nan ba ta taɓa tsayawa kallon bugunta ba. Tana gamawa sai taku ɗaya na tsallakewa, sai ja da gefe, fuska na kallon raga, ta koma wurin jira ta sake ɗan tsallenta.

Zamiya da karatun sawu

Abin da ya fi burge 'yan kallo a jar ƙasa shi ne zamiya. Ɗan wasa zai taho a guje, ya miƙa ƙafa, ya tafi suuu a kan garin bulo, ƙura na tashi. Ƙa'idarta ita ce a fara zamewa kafin bugu, zamiyar ta ƙare daidai lokacin da raket zai haɗu da ƙwallo. Wanda ya buga sannan ya ci gaba da zamewa, ya ƙara wa kansa nisan komawa, abokin karawarsa kuma zai jefa ƙwallo a gefen da ya bari. Takalman wannan fili suna da zane a tafinsu kamar ƙashin kifi, garin yana shiga ciki, shi ya sa za ku ga 'yan wasa suna ƙwanƙwasa takalmi da raket kafin su ci gaba.

Da aka tashi atisayen, kafin masu shara su shigo, mun leƙa gefen hagu na filin. Komai yana rubuce. Ga tabo biyu a jere inda ta dira daga tsallen shiri. Ga manyan taku, ga ƙananan da suka biyo su a cunkushe. Ga wani lotsawa mai zurfi inda ƙafar hagu ta ɗauki nauyi, ga sawun dunduniyar dama a gabansa. A wasu wuraren kuma doguwar shara ce ta zamiya, wadda ta tsaya cak a wuri guda. Mai horarwar ma abin da ya yi ke nan. Ya kira ta, ya nuna mata wani sawu da bakin raket, inda ƙafar dama ta gitta fiye da kima. Ta duba, ta gyaɗa kai, aka sake.

Sawun da ba a sharewa

Sawu ɗaya ne a Roland Garros ragar masu shara ba ta shafewa. Nadal, ɗan Sifaniya, ya ci kofin nan sau 14 tsakanin 2005 da 2022. Ya buga wasa 116 a gasar, ya ci 112. Wani abin lura shi ne a rayuwar yau da kullum da dama yake rubutu. Ke nan hannunsa mai ƙarfi shi ke saman mariƙi idan zai yi bugun bayan hannu. A 2021 an kafa masa mutum-mutumi na ƙarfe a harabar. A watan Mayun 2025 kuma, da aka yi bikin karrama shi a filin Philippe-Chatrier, aka share garin bulo a gefen raga, sai ga wani farin allo a dashe a ƙasa. A kansa akwai sunansa da lamba 14 da sawun takalminsa. Masu filin sun san da me ya ci su.

A filin makarantarku

Wani zai ce tanis wasan masu kuɗi ne. Gaskiya raket da takalmi da ƙwallo suna da tsada, kuma makarantun da ke da filin tanis ba su da yawa. Amma wasan ba baƙo ba ne a Arewa, an san gasar Dala a Kano da gasar jar ƙasa a Kaduna. Kuma duk abin da muka lissafa a sama na aikin ƙafa, ba ya buƙatar ko sisi.

Ku sami wuri mai daɓe da ɗan rairayi a sama, ku tsince duwatsu da ƙaya, ku share shi da tsintsiya ya yi sumul. Ku ja layi ɗaya a matsayin layin baya. Ɗaya ya riƙe sanda ko allon katako da hannu biyu, abokinsa ya tsaya gabansa da ƙwallon roba. Mai jifa ya ɗaga hannu, mai sanda ya yi ɗan tsallen shiri, a jefa masa ta hagu, ya juya, ya taka, ya dasa, ya buga, ya koma. A yi sau biyar sannan a tsaya a duba ƙasa.

Tambayoyin da za ku yi wa sawun su ne waɗannan. Akwai tabo biyu na dira a wurin farawa? Akwai ƙananan taku kafin wurin bugu, ko tsalle ɗaya aka yi aka faɗa wa ƙwallo? Sawun dama yana gaban na hagu wajen abokin jifa, ko ya gitta can gefe? Akwai sawun komawa, ko an tsaya kallo? Idan amsa ba ta yi daɗi ba, a share a sake. Ku bar zamiya sai kun sami mai koya muku, kuma kada ku gwada ta a kan siminti ko da silifas, don idon sawu ba ya yafe wannan.

'Yan mata, wannan da ku ma ake. Chris Evert ta yi wasa 125 a jere a kan jar ƙasa tsakanin 1973 da 1979 ba wadda ta doke ta, da bugun da ta koya saboda ƙarancin ƙarfi. Iga Świątek ta Folan ta ci kofin Faris sau huɗu, na farkon a 2020 tana da shekara 19.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Minti goma sha biyar bayan an tashi daga aji, sau uku a mako, ya isa ƙafa ta fara sabawa. Masu buga ƙwallon ƙafa da ƙwallon raga ma za su ga amfanin tsallen shiri da ƙananan taku a wasanninsu. Ku nuna wa malamin wasanninku wannan shafi, ku roƙe shi ya ware muku kusurwa ɗaya a filin makaranta, kuma kada a manta da tsintsiya.